Kada Ki Buɗe wa Baƙin Alhaji Kwamfuta

Gumel, ƙarshen damina, 1999

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki kin huce gajiyar hanya, kin fara sabawa da hayaniyar Kano da sauronta. Allah ya sa kin sauka a sa'a, ya tsare ki a ɗakin da kike kwana da ofishin da kike wuni. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan lafiya lau muke, gero ya yi kyau, wake yana fure, babu abin da za mu ce wa Allah sai godiya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan in kin zo hutu kya gani da idonki. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar da kika yi sallama. Kin tuna Alhaji Mamuda na Maigatari, aminin babanki, ya zo yi miki addu'ar tafiya. Shi ya rubuta takardar da kika kai wa manajan kamfanin jigilar kayan nan har aka ɗauke ki aiki, saboda haka da ƙarfinsa ya zo. Yana cikin shan fura ya ce, "To alhamdu lillahi, yanzu mun samu tamu a ɗakin kwamfuta. In baƙina suka shiga Kano suna son aika saƙo waje, wurin 'yata zan riƙa turo su." Ke kuma kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Baba." Kowa ya yi dariya ban da ni.

Wannan "to" ɗin na san ta sarai, don a wurina kika gaje ta. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu, daga tafireta har kwamfuta, kuma duk wahalar da na sha a aikin nan wannan "to" ɗin ce ta jawo mini, ko ita ko sakaci. Idan kika buɗe wa baƙin Alhaji kwamfutar kamfaninku, aikinki da mutuncinki ne za su iya tafiya, wataƙila ma har da abin da ya fi su. Na san kin fi ni sanin na'urar, ke kika yi karatunta, ni kuwa a kan aiki na tsinta. Amma na fi ki sanin mutanen da ke zuwa su tsaya a bayan mai buga ta, shi ya sa zan ba ki labarin kurakuraina yadda suka faru.

Na fari abin dariya ne yanzu. Ina sabuwar ma'aikaciya a ofishin ilimi, kina goye a bayana lokacin, aka ba ni jerin sunayen malaman da za a yi wa canjin wurin aiki. Maigidanmu ya ja mini kunne cewa sirri ne har sai an sa hannu. Na riƙe bakina ƙam, ko babanki ban faɗa wa ba, ina ta jin kaina. Sai dai sau uku ina ɓata takardar, kowace na ɓata sai in cire in jefa a kwandon shara. Ashe mai sharar ofis tana tara tsofaffin takardu tana kai wa wata mai ƙosai a bakin tasha. Kwana biyu tsakani sai ga wani malami ya faɗo ofis da takarda duk mai, yana huci, wai a kan me za a ɗauke shi daga Gumel a kai shi Ɗanzomo. Ƙosan karin kumallo ya saya ya ga sunansa a jiki. Maigidanmu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama Hadiza, ashe mun buɗe reshe a wurin mai ƙosai ban sani ba?" Na yi tsuru-tsuru, na rasa inda zan sa kaina.

Abin da na koya a ranar shi ne riƙe baki kaɗai ba ya tsare sirri. Ki kula da abin da kike yarwa. Takardar da firinta ta ɓata, ki yayyaga ta da hannunki ko ki sa a ƙone a gabanki. Tsohon disket, faifan ajiyar aikin kwamfuta, kada ki ba wa wani don kin ga kin goge abin da ke ciki, ke da kanki kika taɓa gaya mini cewa wanda ya iya zai iya dawo da shi. Wannan wasiƙar ma da tsohuwar tafiretata nake buga ta, kuma wadda na ɓata ɗazu tana cikin murhu.

Na biyu ya fi zafi. Bayan an ba mu jiha aka mayar da ni ofishin aikin rijiyoyin nan da ke kan hanyar Maigatari, wanda Turawa ke tallafa wa. Nan na fara ganin kwamfuta. Yadda muke tarairayarta sai ki ce jaririya: na saƙa mata mayafi da hannuna, ba a shiga ɗakinta da takalmi, in an ɗauke wuta kowa sai ya yi salati. Madam Rifkatu ce ta koya mini, mutuniyar Jos ɗin nan mai kawo mana dankalin Turawa in ta dawo daga hutun Kirsimeti. Mace ce mai faɗa amma cikinta fari tas. Dokarta biyu ce: kada disket ɗin waje ya shiga na'urar nan, kuma duk ranar Alhamis a kwafe aikin mako a ajiye a durowar ƙarfe. Na ce to.

Wata rana ta fita duba rijiyoyi, sai ga kawunki Sani da disket a aljihu. Matarsa ta haihu, an tsara masa katin suna a wani shago a Haɗeja, firintarsu ta lalace, yana so in fitar masa. Na ce masa an hana. Ya ce, "Haba Yaya, katin sunan ɗanki ne fa. Minti nawa ne?" To ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga shi ya sha rana. Na karɓa na zura. Katin ya fito da kyau, har da zanen rago, muka yi ta yabawa. Washegari da na kunna na'ura sai wasu haruffa suka riƙa zubowa ƙasa, fayil ɗin da na buɗe duk ya zama shirme. Cutar kwamfuta ce ta biyo disket ɗin, irin wadda wasu marasa aikin yi ke ƙirƙira su saki a duniya don mugunta kawai.

Madam ta dawo ta duba, ba ta ɗaga murya ba, ta ce in ɗauko kwafin da ke durowa. Ni kuwa rabona da kwafe aiki an fi wata biyar. Kullum Alhamis ta zo sai in ce mako mai zuwa, ai na'urar lafiyarta lau. Abin da ya tafi kuwa shi ne jerin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da famfunansu suka lalace, da irin ƙarfen da kowane ke bukata. Sai da muka shiga mota muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna tambaya daga farko, cikin bazara. A wani ƙauye can bayan Gagarawa wata tsohuwa ta tare ni da tulu a ka ta ce, "'Yar nan, ba ku ne kuka zo kuka rubuta tun kafin azumi ba? Mu har yanzu tafiyar safe muke yi kafin mu sha ruwa." Ban iya ce mata katin suna ne ya jawo ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau in na ga mace da tulu sai na tuna ta.

Saboda haka, duk abin da zai shiga kwamfutarki daga waje, ko na wane ne, ki fara bincike shi da abin binciken cutar da aka koya muku, in babu hali ki ce a'a. Ki kwafe aikinki a ranar da aka sa, ko kina zazzaɓi, ki ajiye kwafin a wani ɗakin dabam. Yanzu ana ta surutu a rediyo wai in shekara ta dubu biyu ta shiga kwamfutoci za su rikice. Ni ban sani ba ko gaskiya ne, amma tawa ba ta jira shekara dubu biyu ba, kawunki kawai ta jira.

Na ukun ban taɓa gaya miki ba. Lokacin kina makaranta kina shirin jarrabawa, ni da babanki muka yanke shawarar kada a ɗaga miki hankali, ƙannenki kuma aka ce musu taro nake zuwa Dutse. Yanzu ya zama dole ki sani.

Shekara biyu da suka wuce aka jona wa kwamfutarmu wayar tarho, aka ce mun shiga intanet, za mu riƙa aika rahoto ta imel ba sai an tura direba Kano ba. In za ta haɗu sai ta yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan saƙo ya tafi. A duk yankinmu ban san wani ofis mai irinta ba a lokacin, mutane har leƙowa suke yi ta taga. Injiniyan da ya haɗa ya ce in zaɓi kalmar sirri wadda ni kaɗai zan sani, da ita za a buɗe na'urar, da ita kuma za a aika saƙo.

Ummi, sunanki na yanka na sa. Kin san ke ce 'yar fari, ga shi sunan kakarki kika ci, tun da aka raɗa miki shi bai taɓa fita daga bakina ba, ko a gaban likita sai dai babanki ya faɗa. Lokacin kuma kin tafi makaranta, gidan ya yi mini faɗi, ina kewarki ba ni da wanda zan gaya wa. Sai na ga ga wuri ɗaya da zan riƙa kiran sunan nan kowace safiya babu mai ji. In na zauna na buga haruffan nan shida, sai in ji sanyi a raina kamar kin amsa. A wautata kuma na ɗauka tunda ba na faɗarsa, babu wanda zai kawo shi a ransa.

Kin san Alhaji Mamuda fatoma ne, fatake daga ko'ina a gidansa suke sauka in sun zo kasuwar Alhamis, shi ke ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki. Wata Juma'a da safe ya shigo ofis da wani baƙonsa, dogon mutum mai fara'a, wai shi Malam Idi, mai fataucin fatu. Hausarsa tas, yana ɗan jefa Faransanci, gaisuwarsa har ƙasa. Alhaji ya ce, "Malama, wannan baƙona ne, ɗan'uwansa yana ƙasar waje, yana so ya aika masa layi biyu. Na ce masa ai muna da tamu a nan." Kin ji maganar, ita ce dai wadda ya maimaita a kanki. Madam ba ta nan. Na dubi Alhaji, mutumin da ya tsaya a kan komai namu tun aurena, na ji nauyin bakina, na ce to.

Malam Idi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Na kunna na'ura na buga kalmar a gabansa, ban ko kare da hannu ba, don haruffan ba sa fitowa a gilashi, taurari kawai ake gani. Saƙonsa babu komai a ciki, gaisuwa ce da maganar farashin fata. Muka ɗan taɓa hira, ya tambayi yara. Na ce ƙananan suna gida, babbar tana makaranta. Ya ce, "Allah sarki, ya sunanta?" Na yi murmushi na kau da kai, Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ai ba za ta faɗa ba, 'yar fari ce," ya faɗa masa da bakinsa, har yana yabon ƙoƙarinki. Mutumin ya sa miki albarka, ya yi godiya, ya bar mini dabino. Na koma gida ina cewa babanki yau na ga mutumin kirki.

Sau biyu ya ƙara zuwa ina nan, ya gaisa da kowa, ya saba da Baba Ilu mai gadinmu, yana kawo masa goro. Daga nan ban sake ganinsa ba. Ashe bai daina zuwa ba, lokaci ya canza. Ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya maza suna tafiya masallaci, ni ina tafiya gida, Madam tana zuwa taron zumuntar mata na cocinsu. Baba Ilu ƙafarsa ba ta kai shi masallacin Juma'a, shi ke zama da makullai. Sai mutumin ya zo ya ce Malama ce ta ce ya ƙarasa saƙonsa, Baba Ilu kuwa ya sha ganinsa zaune kusa da ni, ya buɗe masa. Malam Idi kuwa tun ranar farko ya ƙirga taurari shida, ya ji suna mai harafi shida, bai sha wata wahala ba.

Wata Litinin da safe ina cire wa kwamfuta mayafi sai ga jami'an tsaro biyu cikin farin kaya tare da shugaban ofis. An kama wata mota a hanyar daji can bayan Maigatari, ta ɗauko bututun famfo, a ƙarƙashinsu bindigogi da harsasai. Direban yana riƙe da takarda mai kan ofishinmu, tsarinta irin nawa sak, tana cewa kayan gyaran rijiyoyi ne a bar su su wuce. A kwamfutata aka buga ta. Da aka bincika kuma aka ga saƙonni da yawa sun fita da sunan ofishinmu zuwa wurare da ban taɓa jin sunansu ba.

Kwana huɗu ina zuwa Dutse ana yi mini tambayoyi. Babanki shi ke raka ni kullum, ya zauna a gindin bishiya a waje da carbinsa har a sallame ni, bai taɓa ce mini me ya kai ki ba. Jami'in da ke tambayata ya ce, "Wa kika ba kalmar sirrin?" Na ce wallahi ban ba kowa ba. Ya ce, "To mece ce kalmar?" Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru, na ga fuskarsa ta canza, ya ɗauka ɓoyewa nake yi. Sai na roƙi biro na rubuta a takarda na tura masa. Ya ce, "Sunan wa?" Na ce 'yar fari. Ya ajiye biron ya ce, "Malama, sunan da ba kya faɗa ai duk unguwarku an san shi. Ko ni aka ba wa zaɓi uku, da shi zan fara."

Shi ne ya yi mini bayanin irin mutanen. Ya ce ba ɓarayin shanu ba ne, ba kuma masu tare hanya don abin duniya ba. 'Yan ta'adda ne, masu tara makamai don su afka wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, su zubar da jini a ji tsoronsu. Da can sai sun aika mutum da wasiƙa ya ƙetare iyaka, a kama shi a hanya. Yanzu sun gane cewa da intanet saƙo yana isa kafin ka gama shan ruwa, kuma in suka rubuta shi kamar maganar ciniki babu mai kula. Abin da suka fi so shi ne na'urar wani, ta ofis mai mutunci, don in an bi sawu a ƙofar bayin Allah za a tsaya, su kuwa sun yi nisa. Haka kuwa aka yi, Malam Idi har yau ba a gan shi ba, ni aka gani.

Madam Rifkatu ce ta fitar da ni. Ta kwaso littafin da muke sa hannu in za mu tashi, ta jera shi da lokutan da saƙonnin suka fita, ta nuna musu duk ranar Juma'a ne bayan ƙarfe ɗaya, na riga na tafi. Ta kuma tsaya a gabansu ta ce, "Matar nan sakarya ce wajen kara, amma ba muguwa ba ce, ni na sani." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Aka wanke ni, amma aka raba ni da kwamfuta, na koma tafireta har na ajiye aiki. Baba Ilu kuwa aka sallame shi. Yanzu igiya yake tufkawa a bakin kasuwa, in na gaishe shi sai ya ce babu komai, Malama, haka Allah ya so. Ni na san da komai, don ni na zaunar da mutumin kusa da ni har tsohon ya yarda da shi. Abin da ya fi hana ni sukuni kuwa shi ne waccan motar ita aka kama, ban san ko wata ta riga ta wuce da takardata ba.

To ki ji ni da kyau. Kalmar sirrinki kada ta zama sunana, ko na mijin da za ki aura, ko na ɗan da za ki haifa, ko wani abin da mai hira da ke zai tsinta. Ki haɗa abin da ba shi da ma'ana, haruffa da lambobi, ki haddace, ki riƙa canzawa. In za ki buga, wanda ke kusa ya matsa, ko manaja ne, ki faɗa da fara'a amma ki faɗa. In za ki tashi salla ki rufe na'urar, ki gaya wa mai gadinku da bakinki cewa ba ki taɓa aiko kowa ba kuma ba za ki aiko ba. Na ji kuma yanzu ba sai mutum ya zo da ƙafarsa ba, yana iya bugo waya ya ce shi injiniya ne daga Legas a ba shi kalmar, ko ya aiko saƙo da wani abu maƙale a ce ki buɗe. Wannan ɓangaren kin fi ni sani. Ni dai abin da na sani shi ne duk wanda zai cuce ki ta nan da gaisuwa mai kyau zai fara. Kamfaninku kuma motocinsa suna ƙetare iyaka kowane mako, takardarsa ta fi ta ofishin rijiyoyi daraja a wurin irin waɗannan mutane.

Kada ki ɗauka ina cewa Alhaji mugu ne. Shi ma an tambaye shi an sake shi, ya yi ta istigfari, ya ce ƙaddara ce. Mutum ne da bai iya mayar da baƙo ba, a nan mutuncinsa yake, da haka ya ci abinci shekara arba'in. Sai dai yana sanin raƙumin mutum da buhunsa, bai san abin da ke ransa ba, kuma ya riga ya manta da abin da ni ban manta ba. Na kuma san ke ba za ki iya kallon idonsa ki ce a'a ba, ga alherin da ya yi miki jiya-jiya. Na yi ta juya abin har babanki ya gaji da ganina ina tsaki ni kaɗai, ya ce, "In maganar nan ta dame ki haka, ki je ki same shi mana. Ni dai ba zan iya ba." Kin ji jarumin naku.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan tafiyarki na shiga motar Maigatari. Na same shi a rumfarsa a kasuwar dabbobi, baƙi kewaye da shi, na tsaya daga gefe har ya hango ni ya taso.

"Malama, lafiya? Ke da kanki a kasuwa? Ina Malam?"

"Lafiya lau, Alhaji. Da izininsa na zo."

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi labarinki. Sannan na ce, "Alhaji, abin da ka yi wa yarinyar nan Allah kaɗai zai biya ka. Amma roƙo na zo yi. Don Allah kada ka tura mata kowa."

Ya ce, "Haba Malama, abin da ya wuce ai ya wuce. Waɗannan mutanen kirki ne, a gidana suke kwana."

Na ce, "Wancan ma a gidanka ya kwana, Alhaji."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni ba sai ranar. Ya ce, "Yau ni kike gaya wa haka, a tsakiyar kasuwa?"

Na ce, "Ka yi haƙuri. Ni ma ban taɓa yi ba. Da na yi tun wancan karon, da Baba Ilu yana bakin aikinsa."

Can ya ce, "To in baƙo ya roƙe ni, me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce uwar yarinyar mafaɗaciya ce, ta hana."

Ya ce, "Ai kuwa ba ƙarya zan yi ba."

Bai yi mini alkawari ba, bai kuma raka ni bakin mota ba yadda ya saba. Mako uku bai taka gidanmu ba, babanki yana ta zumɓure-zumɓure. Juma'ar da ta wuce sai ga shi ya zo, ya ci tuwo ya ƙara, ya kawo wa ƙannenki cuku, ni kuma ya gaishe ni a taƙaice. Hakan ma ya ishe ni. Wallahi tun da na dawo daga Maigatari nake jin kaina sakayau, abinci ma ya fi yi mini daɗi.

Amma na san halinsa, wata rana baƙo zai matsa masa ya manta, ki ga mutum a ƙofar ofishinki da 'yar takarda daga Baba Alhaji. Ki gaishe shi da kyau, ki ba shi ruwa, ki kwatanta masa shagon da ake aika saƙo a cikin gari. In ya nace ki ce uwata ta hana, kuma Alhaji ya sani. Ba sai kin ƙara komai ba, ba sai kin ji kunyar kowa ba. In akwai fushi a cikin maganar nan, na riga na je na karɓo shi a Maigatari, nawa ne, ba naki ba.

Allah ya tsare mini ke daga sharrin wanda kika sani da wanda ya zo miki da fara'a. Ya sa albarka a hannunki da abin da yake bugawa, ya haɗa ki da abokan aiki irin Madam Rifkatu, ya dawo mana da ke lafiya da mutuncinki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Na yafe miki duniya da lahira.

Mahaifiyarki,
Hadiza